Daga Jekadafari zuwa ƙarƙashin teku: Hanyar da saƙon waya ke bi, da yadda za a koya wa yara ita

Idan yarinya a unguwar Jekadafari da ke birnin Gombe ta karɓi wayar mahaifiyarta, ta aika wa kawunta da ke karatu a Alƙahira saƙon murya, kafin ta ajiye wayar za ta ga alamar cewa saƙon ya isa. In aka tambaye ta ta ina ya bi, amsar da za ta bayar ita ce wadda yawancin manya ma za su bayar, wato ta iska. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, amma iskar ba ta ɗauki saƙon fiye da 'yan ɗaruruwan mitoci ko 'yan kilomitoci ba. Sauran tafiyar, wadda ta kai dubban kilomitoci, a cikin waya aka yi ta: wayar da aka binne a gefen titi, aka ratsa da ita ta ƙarƙashin gadoji, aka shimfiɗa ta a ƙasan teku.

Harshen Hausa da kansa ya adana wannan tarihi. Kalmar “waya” tun asali sunan zaren ƙarfen tangarahu ne da aka riƙa ja a kan turaku a zamanin Turawan mulki, kuma daga nan aka samu “gidan waya” da “buga waya”. Yau an raɗa wa na'urar hannu wannan suna duk da ba a ganin igiya a jikinta, amma igiyar tana nan, ta dai koma inda ido ba ya kaiwa. Wannan bayani ya bi sawun saƙo zango-zango daga Gombe zuwa ƙetare, sannan ya kawo hanyoyin da malami ko uba ko uwa za su bi su fahimtar da yaro ba tare da kwamfuta ba.

Dalilin koya wa yara

Yaron da ke firamare a yau zai yi rayuwar da kusan kowane sashenta ya rataya a kan intanet. Tun daga shekarar 2015 hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, wato JAMB, ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Cinikin kasuwa ya koma tura kuɗi ta waya da na'urar POS, neman aiki da neman gurbin karatu sun koma cike fom a shafukan intanet. Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, ta sa wa kanta burin ganin kashi 95 cikin 100 na 'yan Najeriya sun samu ilimin amfani da fasahar zamani nan da shekarar 2030.

Sai dai iya latsa waya daban, sanin abin da ke faruwa bayan an latsa daban. Yaron da ya ɗauka saƙo tsafi ne da ke yawo a iska ba zai gane dalilin da ya sa hoton da ya tura ba ya gogewa daga duniya don ya goge shi a wayarsa ba. Ba zai ga laifin mai haƙa rami ya tsinke wayar da ke gefen hanya ba, kuma ba zai taɓa tunanin akwai sana'a a wannan fanni da zai iya koya ba. Wanda kuwa ya san cewa saƙo kaya ne da ke bin hanya, yana sauka a tashoshi, yana ratsa hannun kamfanoni, ya samu tushen da za a ɗora masa sauran ilimin a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Zango na farko: cikin wayar hannu

Kafin saƙo ya bar waya, sai an mayar da shi lambobi. Na'ura ba ta san harafi ko murya ko launi ba, abu biyu kawai ta sani: akwai wuta, babu wuta. Ana rubuta su da 1 da 0, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ana ce masa “bit”. Bit takwas su ne “bait” ɗaya. Babban harafin A, alal misali, ana rubuta shi 01000001. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, irin su ɓ da ɗ da ƙ, kowannensu yana cin bait biyu a tsarin rubutun da ya fi yaɗuwa a intanet, yayin da harafin boko na yau da kullum ke cin bait ɗaya.

Murya ma haka take. Wayar tana auna ƙarfin sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, ta rubuta kowane awo da lamba. Hoto kuwa ana yanka shi ƙananan ɗigo miliyoyi, kowane ɗigo da lambar launinsa. Abin da ake kira “data”, wanda ake saye da kuɗi, ba wani abu ba ne illa adadin waɗannan lambobi da mutum ya aika ko ya karɓa. Megabait ɗaya bait miliyan ɗaya ne, gigabait ɗaya kuwa megabait dubu. Wannan ne ya sa bidiyo ke cinye data fiye da rubutu: hotuna ne masu yawa a jere, haɗe da sauti.

Zango na biyu: daga hannu zuwa turke

Daga nan wayar takan mayar da lambobin igiyoyin rediyo, dangin waɗanda ke kawo shirye-shirye cikin akwatin rediyo, ta harba su zuwa turken sadarwa mafi kusa, wanda jama'a suka fi sani da ƙarfen sabis. Dogayen fararen akwatunan da ke saman turken su ne ke magana da wayoyin hannu. Masu kama da ganga ko faranti kuwa suna magana ne da wani turken da ke nesa, kuma dole su riƙa kallon juna ba tare da tsauni ko dogon gini ya shiga tsakani ba.

Kowane turke yana da iyakar yankin da yake ɗauka da iyakar wayoyin da zai iya saurara a lokaci guda. Shi ya sa sabis kan yi nauyi a filin Idi ko ranar babban taro, ko da sandunan da ke fuskar waya sun cika. Sandunan suna nuna ƙarfin alaƙar waya da turke ne kawai, ba sa faɗin komai game da abin da ke gaba da turken.

Turke kuma ba ya aiki sai da lantarki dare da rana. A gindin mafi yawansu akwai janareto da tankin man dizal da batura, wasu da faifan sola. Mazauna Gombe sun ga muhimmancin wannan a watan Afrilun 2024, lokacin da aka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, al'amarin da ya jefa sassa da dama na Arewa maso Gabas cikin duhu na makonni. A irin wannan hali, dizal da batura da hasken rana ne ke riƙe da sadarwar yanki baki ɗaya.

Zango na uku: zaren gilashi

A gindin turke, ko a wani turken da ke gaba, saƙon yakan bar iska ya shiga ƙasa. A nan ne yake haɗuwa da wayar gilashi, wadda ma'aikata ke kira faiba. Zare ne na tataccen gilashi wanda kaurinsa bai fi na gashin kai da yawa ba, kusan kashi ɗaya cikin takwas na milimita. Ana haɗa zaruruwa da yawa a lulluɓe su da roba, a zura su cikin bututu, a binne. Ƙananan ginshiƙan siminti da ake gani jefi-jefi a gefen manyan hanyoyi, ɗauke da sunan kamfani da gargaɗin kada a haƙa, alamar inda ta bi ke nan.

A cikin wannan zare haske ne ke tafiya, ba lantarki ba. Wata ƙaramar fitila mai ƙarfi tana walƙawa sau biliyoyi a daƙiƙa, kuma yanayin walƙiyar shi ne ke ɗauke da 1 da 0. An ƙera gilashin ta yadda hasken ba ya tsere wa ta gefe, sai dai ya riƙa dawowa ciki har ya kai ƙarshe, ko da zaren ya lanƙwasa. Masanin da ya nuna a shekarar 1966 cewa tataccen gilashi zai iya kai haske nesa, Charles Kao, ya samu kyautar Nobel a 2009 saboda wannan aiki.

Haske a cikin gilashi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Tsakanin Gombe da Legas akwai fiye da kilomita 1,000 ta mota, tafiyar da ke cinye wa direba yini da dare. Haske yana gama kilomita 1,000 a cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Jinkirin da mai waya ke gani ba daga gudun hasken yake zuwa ba, yawanci daga cunkoso ne a turke ko a tashoshin da ke kan hanya.

Ƙulli-ƙulli, kowane da adireshinsa

Saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi ƙananan ƙulli, kowanne bai cika wuce bait 1,500 ba. Hoton da ya kai megabait 3 zai zama ƙulli kusan 2,000. A jikin kowane ƙulli akwai adireshin inda ya fito, da na inda za shi, da lambar da ke nuna matsayinsa a jeri.

Wanda ya san kasuwar Tudun Hatsi zai gane wannan nan take. Ɗan kasuwar da zai aika buhun masara ɗari biyar zuwa Kudu ba lallai ya samu mota ɗaya da za ta kwashe su ba. Yakan rubuta suna da lamba a jikin kowane buhu, ya rarraba su a motoci, wata ta riga wata isa. Mai karɓa zai ƙirga, in ya ga babu buhu na 73 ya aiko a sake turo shi. Haka na'urori ke yi: wadda ta karɓa tana jera ƙullin bisa lambobinsu, tana neman a maimaita wanda ya ɓace.

A kowace mararraba akwai na'urar raba hanya, wadda ake kira rauta. Aikinta kamar na ɗan kamasho ne a tasha: ta duba adireshi, ta ce wannan ya bi nan, wancan ya bi can. Ba ta buƙatar sanin dukkan hanyar, ta dai san tasha ta gaba. In wata hanya ta toshe, sai ta karkatar da kaya ta wata. Ƙulli ɗaya kan ratsa irin waɗannan na'urori goma zuwa ashirin kafin ya isa. Ƙa'idojin wannan aiki, da ake kira TCP/IP, Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa tushensu a 1974, aka kuma koma aiki da su a ranar 1 ga Janairun 1983.

Adireshin na'ura lambobi ne, mutane kuwa suna suka fi riƙewa. Don haka akwai wani tsari mai kama da littafin lambobin waya, DNS, wanda ke fassara sunan shafi zuwa lambarsa. Sunayen da suka ƙare da .ng na Najeriya ne, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistarsu.

Mahaɗa da rumbuna

Intanet ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. Dubban hanyoyin sadarwa ne na kamfanoni da jami'o'i da gwamnatoci suka yarda su riƙa miƙa wa juna kaya. Wurin da suke haɗuwa ana ce masa mahaɗar intanet. A Najeriya an kafa IXPN a shekarar 2006 domin saƙon da ya tashi daga wani kamfani na cikin gida zuwa wani kada ya fita Turai kafin ya dawo, kamar yadda ake yi a da. Mahaɗar ta faro daga Legas, ta kuma buɗe rassa a wasu birane da suka haɗa da Abuja, Fatakwal, Inugu, Kano da Gombe.

Akwai kuma rumbunan adana bayanai: manyan gine-gine cike da kwamfutoci a jere, da na'urorin sanyaya ɗaki da janaretoci da masu gadi. Abin da ake kira “gajimare” a harshen masu fasaha waɗannan gine-gine ne, kuma a ƙasa suke. Mafi yawan na Najeriya suna Legas, kamar Rack Centre da ke Ikeja da MDXi da ke Lekki, yayin da kamfanin gwamnatin tarayya na Galaxy Backbone ke da nasa a Abuja da Kano.

Wannan ya bayyana wani abin mamaki. Saƙon WhatsApp da aka aika daga Bolari zuwa Herwagana, unguwanni biyu a gari ɗaya, ba ya tsallakawa kai tsaye daga waya zuwa waya. Sai ya je kwamfutocin kamfanin Meta, wanda manyan rumbunansa ke Amurka da Turai da Asiya, sannan a turo shi ga mai karɓa. Alamomin da ke gefen saƙo suna ba da labarin tafiyar: alama ɗaya na nufin ya isa kwamfutar kamfani, biyu na nufin ya sauka a wayar mai karɓa, in suka koma shuɗi an buɗe shi.

Legas, bakin teku

Saƙon da zai fita ƙasar waje yakan gangara Legas, inda wayoyin ƙarƙashin teku suka fito tudu. Fiye da kashi 95 cikin 100 na bayanan da ke ƙetare nahiyoyi ta irin waɗannan wayoyi suke bi, ba ta tauraron ɗan'adam ba. A duniya akwai su fiye da 500, tsawonsu a haɗe ya haura kilomita miliyan ɗaya. A tsakiyar teku kaurin wayar bai fi na tiyon ban-ruwa ba, sai a kusa da gaɓa ake ƙara mata sulken ƙarfe a kuma binne ta. Bayan kowane kilomita 60 zuwa 100 akwai na'urar da ke ƙara wa hasken ƙarfi, wadda ke samun lantarki daga tudu ta cikin wayar kanta.

Manyan wayoyin da suka sauka a Najeriya sun haɗa da SAT-3, wadda ta fara aiki a farkon shekarun 2000, sai MainOne da ta fara a 2010, mai tsawon kusan kilomita 7,000 daga Fotugal, ƙarƙashin jagorancin injiniya Funke Opeke. A shekarar ce kuma Glo-1 ta fara aiki, mai tsawon kilomita 9,800 daga Ingila. WACS da ACE sun biyo baya a 2012. Wayar Equiano ta kamfanin Google, wadda aka raɗa wa sunan marubucin nan Olaudah Equiano, ta sauka Legas a watan Afrilun 2022. Sai 2Africa, mai tsawon kilomita 45,000 da ta kewaye nahiyar, wadda ta sauka a Legas da kuma jihar Akwa Ibom. Ƙasashen da ba su da teku, irin su Nijar da Chadi, ta ƙasar maƙwabtansu suke samun hanyar kaiwa ga waɗannan wayoyi.

Al'amarin ya girmi intanet nesa ba kusa ba. An shimfiɗa wayar tangarahu ta farko a tekun Atalantika a 1858, kuma saƙon Sarauniya Biktoriya mai kalmomi 98 ya ɗauki kusan sa'o'i 16 kafin ya gama isa Amurka. Wayar ta mutu bayan 'yan makonni, sai a 1866 aka samu mai ɗorewa. An haɗa Legas da Landan ta wayar teku a 1886. Wayar gilashi ta farko da ta ƙetare Atalantika, TAT-8, ta fara aiki a 1988.

Ranar da hanyar ta yanke

A ranar Alhamis 14 ga Maris, 2024, a farkon watan Azumi, wayoyi huɗu, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a tekun da ke gaɓar ƙasar Kwaddibuwa. Kamfanin MainOne ya danganta lamarin da motsin ƙasa a ƙarƙashin teku. Intanet ta yi rauni ko ta ɗauke a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, ciki har da Laberiya, Ghana, Benin da Burkina Faso. A Najeriya manhajojin wasu bankuna sun tsaya, tura kuɗi ya gagara, har mai shago a Gombe da bai taɓa ganin teku ba ya ji a jikinsa. Kamfanoni sun karkatar da kayansu zuwa wayoyin da suka tsira, kamar Equiano da Glo-1, amma gyaran ya ɗauki makonni, domin sai jirgin ruwa na musamman ya je wurin, ya jawo wayar daga ƙasan teku, a ɗinke gilashin zare-zare, a mayar.

A duk shekara ana samun lalacewar irin waɗannan wayoyi sau 150 zuwa 200 a duniya, galibi sanadin komar masunta da ƙugiyar tsayar da jiragen ruwa. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta kafa kwamitin ba da shawara kan kare su a ƙarshen 2024, wanda Ministan Sadarwa na Najeriya, Dokta Bosun Tijani, ya zama ɗaya daga cikin shugabanninsa biyu, kuma an yi babban taron farko kan batun a Abuja a watan Fabrairun 2025.

Ina matsayin tauraron ɗan'adam?

Tauraron ɗan'adam yana da amfani musamman a inda waya ba ta kai ba. Irin su NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba a watan Disambar 2011, suna zaune ne a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Saboda wannan nisa, tambaya da amsarta kan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa. Taurarin Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, suna shawagi a nisan kusan kilomita 550, don haka jinkirinsu kaɗan ne. Amma ko su, a ƙarshe sai sun sauko da saƙon wata tasha a ƙasa, ya shiga wayar gilashi.

Darussa biyar da ba sa buƙatar kwamfuta

Makarantu da yawa ba su da ɗakin kwamfuta, wasu kuma suna da shi babu wuta. Wannan ba ya hana darasin. Tun a shekarun 1990 Farfesa Tim Bell na Jami'ar Canterbury da ke New Zealand da abokan aikinsa suka tsara hanyar koyar da ilimin kwamfuta da wasanni, mai suna CS Unplugged, kuma ana amfani da ita a ƙasashe da yawa. Ga wasu darussa a kan wannan tafarki, da kayan da ke kowace unguwa.

Na ɗaya, katunan ƙirga. A yanka kwali biyar, a yi wa na farko ɗigo 16, na biyu 8, na uku 4, na huɗu 2, na biyar 1. Yara biyar su riƙe su a jere. Katin da aka nuna fuskarsa 1 ne, wanda aka kife 0 ne. In malami ya ce a nuna 13, sai masu 8 da 4 da 1 su nuna nasu, a rubuta 01101 a allo. Da katuna biyar za a iya nuna kowace lamba daga 0 zuwa 31, kuma in aka ba kowane harafi lamba, yara za su iya rubuta sunayensu.

Na biyu, saƙon tocila. Yara biyu su tsaya a ƙarshen aji biyu, ɗaya da tocila. Mai tafi yana ba da lokaci: a kowane tafi, in fitila na kunne 1 ne, in tana kashe 0 ne. Nan da nan za su gano cewa in ba su daidaita kan ƙa'ida tun farko ba, saƙon zai rikice. Wannan shi ne ma'anar ƙa'idar sadarwa.

Na uku, haske a cikin ruwa. A huda gorar roba a gefe kusa da gindi, a cika ta da ruwa, a haska tocila ta ɗaya gefen daidai da hudar a cikin ɗaki mai duhu. Hasken zai bi zirin ruwan da ke zuba, ya lanƙwasa tare da shi. Gani ya kori ji: abin da ke faruwa a zaren gilashi ke nan.

Na huɗu, wasan ƙulli. A rubuta jimla a takarda, a yanka ta gida shida, a sa wa kowane yanki lamba da sunan mai karɓa. Yara su tsaya a fili a matsayin garuruwa, Gombe, Bauchi, Jos, Kano, Abuja da Legas, da igiyoyi a tsakaninsu. Doka ita ce ba a miƙa takarda sai ga wanda igiya ta haɗa ka da shi. Ana cikin wasa sai malami ya cire igiya ɗaya, ko ya ɓoye yanki ɗaya, ya bar yaran su nemi mafita. Da kansu za su gano amfanin hanya fiye da ɗaya da amfanin lambar jeri.

Na biyar, awon nisa da taku. A ɗauki taku ɗaya a matsayin kilomita 100. Daga Gombe zuwa Legas taku goma da 'yan kai ne, daga Legas zuwa Fotugal ta wayar MainOne taku 70. Tauraron Starlink taku biyar da rabi ne, NigComSat-1R kuwa taku 358, wanda zai fitar da yaro daga harabar makaranta. Bayan wannan, a zagaya da su unguwa su ƙirga turakun sadarwa da alamun wayar da aka binne, daga nesa, ba tare da taɓa komai ba.

Abin da ya kamata yaro ya tashi da shi

Darasi na farko na tsare kai ne. Tunda saƙo yana ratsa na'urorin wasu, yana kuma sauka a wayar wani, abin da aka tura ya fita daga hannun mai shi. Manhajoji irin su WhatsApp suna kulle saƙo ta yadda na kan hanya ba za su iya karanta shi ba, tsarin da kamfanin ya kammala shimfiɗawa a 2016, amma kullewar ba ta hana wanda ya karɓa adanawa ko yaɗawa.

Na biyu na kare dukiyar jama'a ne. Yankewar wayar gilashi sanadin aikin hanya, haƙar magudanar ruwa da ɓarna na cikin manyan matsalolin da Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, da kamfanoni ke kuka da su. Masu tsinke ta da zaton za su samu jan ƙarfe ba sa samun komai sai gilashi da roba, amma sukan bar gari guda babu sabis, asibiti da banki da mai jiran kiran gaggawa duk su shiga ciki. A shekarar 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

Na uku na buri ne. Shekara 25 ba su cika ba tsakanin fara wayar salula ta GSM a Najeriya a watan Agustan 2001 da amincewar Majalisar Zartarwa ta Tarayya, a 2024, da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wayar gilashi a kan kusan 35,000 da ake da su. Kafin nan, Shirin Faɗaɗa Intanet na Ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar a zamanin ministan sadarwa Farfesa Isa Ali Ibrahim Pantami, ɗan asalin jihar Gombe, ya sa burin gudun megabit 25 a daƙiƙa a birane da 10 a karkara. Duk wannan aiki yana buƙatar masu auna hanya, masu ɗinke gilashi, masu hawa turke, masu kula da batura da sola, da injiniyoyin da ke saita na'urorin raba hanya. Jami'ar Jihar Gombe, Jami'ar Tarayya ta Kashere da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe suna kusa da yaran jihar, kuma daga azuzuwan firamare na yau ne ɗalibansu na gobe za su fito.

Ga iyaye, farawa ba ta da wuya. In an tura saƙo a gida, a nuna wa yaro alama ta farko, a tambaye shi ina saƙon yake yanzu. In ta biyu ta fito, a sake tambayarsa. In an fita kan hanyar Bauchi ko ta Dukku, a nuna masa turken da ke gefe, a ce masa daga nan tafiyar ke farawa.